Ni na shigar da mahaifiyata, yanzu kamfanin ya daina biya

Anti, barka da aiki. Ina cikin damuwar da ta hana ni barci. A bara wata abokiyar aikina ta nuna mini wani kamfani na intanet da ake zuba kuɗi. Sun ce cinikin canjin kuɗi da kirifto, wato kuɗin intanet, suke yi da wata na'ura, duk wata su ba mutum kashi 20 cikin 100 na abin da ya zuba. Na gwada da kaɗan, aka biya ni. Na ƙara, aka sake biya. Da na ga abin yana tafiya sai na shigar da mahaifiyata, ta zuba abin da mahaifinmu ya bar mata, sannan yayata da ƙawayena uku. Duk wanda na kawo ana ba ni la'ada. Yanzu kusan wata guda ba wanda ya iya cire kuɗi. Da farko sun ce gyaran manhaja suke yi, daga baya suka ce banki ne ya riƙe musu kuɗi. Jiya suka sanar cewa duk mai so a buɗe masa asusunsa sai ya biya kuɗin tantancewa, kuma wanda ya kawo sababbin mutane biyu shi za a fara biya. Akwai maƙwabciyata da ta daɗe tana so ta shiga, ba ta san halin da ake ciki ba. Zuciyata tana ce mini in shigar da ita ko na samu in ciro kuɗin Mama, idan abubuwa suka daidaita ita ma ta ciri nata. Mama ba ta sani ba, mijina ma bai sani ba. Anti, damfara ce ko in ƙara haƙuri?

Ƙanwata, Allah ya kawo miki mafita. Zan fara da maƙwabciyarki, domin a duk abin da kika zayyana maganarta ce ba za ta iya jiran gobe ba. Kada ki shigar da ita. Kuɗin tantancewar nan ma kada ki biya, komai ƙanƙantarsa, kuma ki hana yayarki da ƙawayenki biya idan saƙon ya kai gare su. Sauran maganar za mu bi ta a hankali, amma waɗannan biyun ki riƙe su tun yanzu.

Kin tambaya ko damfara ce. Damfara ce, kuma tsohuwa, wadda duniya ta sani da sunan tsarin Ponzi. Na san kin fi so in ce ki ƙara haƙuri. Sai dai haƙurin naku shi masu kamfanin suke nema da kowane saƙo da suke turowa, domin duk ranar da kuka kwana kuna jira, su rana ce ta kwashe abin da ya rage.

Ga yadda abin yake tafiya. A ce mutum goma kowa ya ba wani 100, ya tara 1,000, ya yi alkawarin ba kowa 20 duk wata. Ba ya sayen komai, ba ya sayar da komai. Ƙarshen wata sai ya ɗebi 200 daga cikin kuɗinsu ya raba musu, ya ce riba ce. Wata na biyu ya sake. Idan ba wanda ya ƙaru, a wata na biyar asusun ya ƙare ƙarƙaf, ko da shi bai ci komai ba, alhali kowa yana ganin uwar kuɗinsa tana nan a ajiye. To amma mutum goman nan ba za su yi shiru ba. Sun ga kuɗi ya shigo, sun nuna wa na kusa da su, kafin wata na biyar sun zama hamsin, kuɗin sababbi ya biya tsofaffi. Matsalar ita ce duk wanda ya shigo, bayan kuɗin da ya kawo, ya kuma kawo sabon bashin 20 duk wata. Bashin kullum ƙaruwa yake, saboda haka dole masu shigowa su riƙa ninkuwa, kuma mutane suna ƙarewa. Idan aka ce kowa ya kawo shida, su ma kowa ya kawo shida, a hawa na 13 ana bukatar mutum sama da biliyan 13, alhali duk mutanen duniya ba su wuce biliyan 8 da 'yan kai ba. Ranar da masu shigowa suka ragu, ko masu son cirewa suka yi yawa a lokaci guda, ranar ake fara gyaran manhaja.

Shi ya sa biyan da aka yi miki da farko ba shaidar gaskiyarsu ba ne. Shi ne tallarsu. Ki tambayi kanki, da ba a biya ki ba, da kin kai wa Mama maganar? Babu allon talla ko saƙon waya da zai sa dattijuwa ta fito da abin da mijinta ya bar mata. 'Yarta ce kaɗai za ta iya, ranar da ta zauna kusa da ita ta nuna mata alat a waya ta ce, "Mama, kin gani, ni ma an biya ni." Wannan amanar da ke tsakaninku ita suka saya da ɗan abin da suka ba ki, kuma sun saye ta da arha.

Lambobin da kike gani a manhajar ma ki daina ɗaukar su kuɗi. Kin san su: ki buɗe da safe ki ga adadin ya ɗan hau, ga zane yana hawa sama, ga jerin sunayen waɗanda aka ce sun cire kuɗi yanzu-yanzu suna wucewa a ƙasan allo. Rubutu ne kawai, masu manhajar ke sa shi, kuma ƙara sifili ba ya cin su komai. Don haka suke kwaɗaitar da mutane su bar riba ta hau kan uwa, ko su kulle kuɗinsu wata shida a ƙara musu kashi. Kuɗin da ba a nemi cirewa ba, ba sai an biya shi ba.

Ko alkawarin kansa idan aka ɗora shi a kan lissafi ba ya tsayuwa. Kashi 20 a wata, idan riba tana hawa kan uwa, a shekara guda kuɗi ya ninku kusan sau 9. A shekara uku ya haura sau 700. A shekara biyar ya wuce sau 56,000. Mutumin da yake da na'urar da ke yin haka, me zai yi da ɗan abin da ma'aikaciya ta tara ko gadon dattijuwa? Zai ci bashin banki ne a ruwan da bai kai rabin wannan ba, ya rufe bakinsa, ya yi arzikinsa shi kaɗai. Kuma cinikin canjin kuɗi da kirifto harka ce ta hawa da sauka, manyan ƙwararru ma suna kwana da faɗuwa. Jari na gaskiya ana tarayya ne a riba da asara. Duk wanda ya ce miki riba tabbas, adadi kaza, kowane wata, a harkar da farashi ke juyawa cikin minti, to ba daga cinikin yake biyan ki ba.

Akwai abin da nake jin tsoron zai faru a kwanakin nan, shi ya sa zan ba ki labarin mutumin da tsarin Ponzi ya samo sunansa. A shekarar 1920 a birnin Boston na Amurka, wani ɗan asalin Italiya, Charles Ponzi, ya yi alkawarin ribar kashi 50 cikin kwana 45, ko ninki cikin kwana 90. Ya ce sirrinsa wasu takardun gidan waya ne da ake saye da arha a Turai a canza su da kan sarki mai tsada a Amurka. Da jaridar Boston Post ta fara tona maganar, aka lissafa cewa sai an samu irin takardun nan kusan miliyan 160 kafin abin da yake faɗa ya yiwu, alhali waɗanda ke yawo ba su wuce kimanin dubu 27 ba. Jama'a suka yi dafifi a ƙofar ofishinsa kowa yana neman kuɗinsa. Mutumin nan bai gudu ba. Ya fito da fara'a, ya bi layi yana gaisawa da mutane, ya sa aka raba musu kofi, ya yi ta biyan waɗanda suka nema. Da yawa da suka ga ana biya sai suka ji nauyin zargin da suka yi masa, suka bar kuɗinsu suka koma gida. A watan Agusta aka kama shi, kuma bayan shekaru ana shari'a, abin da masu kuɗin suka samu bai kai kashi 30 cikin 100 ba.

To idan mako mai zuwa kika ga an biya mutum biyar ko goma, aka cika zauren WhatsApp da hotunan alat da godiya, kada hankalinki ya kwanta. Da kuɗin tantancewar wasu aka biya su, don sauran su biya nasu. Ki lura kuma da abin da ake yi wa mai tambaya a zauren: a ce masa mai baƙin ciki, a ce yana ɓata wa mutane kasuwa, a goge saƙonsa, a fitar da shi, daga ƙarshe a kulle zauren ya zama masu kula da shi ne kaɗai ke magana. An ga irin wannan da tsarin zuba kuɗi na MMM na Sergei Mavrodi, wanda ya rushe a Rasha a 1994, mai shi ya yi zaman gidan yari, ya sake dawo da shi a 2011, har ya bazu zuwa Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Najeriya da alkawarin kashi 30 a wata. A Disambar 2016 aka daskarar da asusun mutane a Najeriya, aka ce na wata guda ne. An buɗe a Janairu, amma akasarin masu tsohon kuɗi ba su ga nasu ba. Dakatarwa, uzuri, sabon sharaɗi, sai shiru. Kamfaninku yana kan sabon sharaɗi.

Yanzu mu koma kan maƙwabciyarki, domin na fahimci abin da ke jan ki. Ba mugunta ba ce, uwa ce kike so ki tsamo. Amma ki dubi abin da idon basira. Na farko, ba za su biya ki ba. Mutanen da suka ƙi sakin kuɗin da ke hannunsu ba za su sake shi don kin ƙara musu wani ba, za su haɗa da na maƙwabciyar su tafi. Na biyu, ko da za su biya, da wane kuɗi? Da nata. Kin ɗauki asarar mahaifiyarki kin ɗora wa wata mata da ta yarda da ke, kina sane. Lokacin da kika kawo Mama da yayarki ba ki sani ba, an yaudare ki ne kamar yadda aka yaudare su, kuma duk mai adalci zai yi miki wannan uzurin. Yau kin san wata guda ba a biya ba. Idan kika ɓoye wannan kika karɓi kuɗinta, kin tashi daga wadda aka cuta kin koma mai cuta, a wurin Allah da wurin mutane, kuma a ƙasashe da dama a wurin doka ma, domin tallata irin wannan tsari laifi ne ko ba kai ka kafa shi ba. Abin da ya kamata ma shi ne ki same ta ki ce mata kada ta shiga, ko ta hannunki ko ta hannun wani. Tunda ta daɗe tana so, akwai wanda zai kai ta idan ke kika yi shiru.

Sai maganar da ba ki tambaya ba, amma na san tana cikin abin da ke hana ki barci: ribar da kika karɓa da la'adar. Ki samu takarda da biro ki raba ta biyu. Gefe guda ki rubuta duk abin da kika tura musu daga aljihunki, da ranakunsa. Ɗaya gefen ki rubuta duk abin da ya shigo asusun bankinki daga gare su, ba abin da manhaja ta nuna ba. Idan abin da kika tura ya fi wanda kika karɓa, ke ma kina cikin masu asara, kuma abin da suka kira riba kuɗinki ne aka dawo miki da wani ɓangare. Idan abin da kika karɓa ya fi, to rarar nan ba taki ba ce, ta waɗanda suka shigo bayanki ce. La'adar kuwa ba ta da wani ruɗani. Ranar da Mama ta tura kuɗinta, daga cikinsa aka yanko aka ba ki. Haka na yayarki, haka na ƙawayenki. Wannan ki mayar wa kowa nasa, ko a hankali ne, ko ba su nema ba. Ba zai cike asararsu ba, amma zai nuna musu ba da su kika ci ba, kuma ke ma za ki samu sauƙin zuciya.

Kotuna ma haka suke kallon abin. Bernard Madoff, wanda ya taɓa shugabantar kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka, ya shafe shekaru da dama yana gudanar da irin wannan tsari. Shi bai ma yi alkawarin abin mamaki ba, ribar da ba ta wuce kashi 10 zuwa 12 a shekara ba yake nunawa, sai dai ba ta taɓa yankewa, ko kasuwa ta tashi ko ta faɗi. Da tattalin arzikin duniya ya girgiza a 2008, mutane suka nemi cire kusan dala biliyan 7, ba shi da su. Ya faɗa wa 'ya'yansa gaskiya, su suka kai rahotonsa, aka kama shi a Disambar shekarar. Takardun da yake aika wa masu jari suna nuna kusan dala biliyan 65, kuɗin da babu su. An yanke masa shekara 150, ya mutu a kurkuku a 2021. Wanda kotu ta naɗa ya tattaro dukiyar ya bi waɗanda suka cire fiye da abin da suka zuba, ya kai su ƙara su dawo da rarar, ko da ba su san damfara ba ce, aka raba wa waɗanda suka yi asara. Ta wannan hanya da wasu aka kwato sama da dala biliyan 14. Wannan nasara ce da ba kasafai ake samun irinta ba, kuma ta ɗauki shekaru.

Na kawo Madoff don wani dalili kuma. Cikin waɗanda ya cuta akwai bankuna, da gidauniyoyin agaji, da attajirai masu lauyoyi da akantoci. Wani mai binciken kuɗi, Harry Markopolos, ya kai wa hukumar kula da hannun jari ta Amurka ƙorafi tun shekarar 2000 cewa lissafin ba ya yiwuwa, ba a kama mutumin ba sai bayan shekara takwas. A Albaniya a 1997 irin waɗannan kamfanoni sun haɗiye ajiyar babban ɓangare na al'ummar ƙasar, har rikicin ya kifar da gwamnati. Don haka idan wani ya ce miki kwaɗayi mabuɗin wahala, ki karɓi rabonki na maganar, amma kada ki yarda ke wawiya ce. An gina abin ne don ya kama mai hankali ta hannun wanda ya yarda da shi. Kuma kunya ita ce babbar garkuwar 'yan damfarar nan. Wanda aka cuta ya yi shiru don kada a yi masa dariya, su kuwa su canza suna su buɗe wani.

Saboda haka ki yi magana, kuma ki fara da gida. Mijinki ya ji daga bakinki yau, kafin ya ji daga mijin wata ƙawarki da ya zo ƙofar gida da fushi. Ransa zai ɓaci, wataƙila ɓoyewar ta fi kuɗin yi masa ciwo, amma gara ɓacin ran yau da na ranar da zai ji a waje. Daga nan ki kira yayarki, ku je wurin Mama tare. Kada ki faɗa mata ta waya. Idan tana da hawan jini ko wani rauni, ku zaɓi lokacin da take cikin natsuwa, ta ci abinci, ta sha maganinta. Ki zauna kusa da ita ki faɗa mata kai tsaye, ba kwana-kwana: "Mama, kamfanin da na sa kika zuba kuɗi na 'yan damfara ne. Sun daina biya, kuma mai yiwuwa kuɗin ba zai dawo ba. Ni na kawo ki, a lokacin ban sani ba. Ki yafe mini." Sannan ki yi shiru ki bar ta ta faɗi abin da ke ranta, ko kuka ne ko faɗa. Kada ki ce mata ana gyara ne, domin hakan raba mata baƙin cikin ne gida biyu, ta sha yau ta sake sha gobe.

Abu guda da nake roƙon ki kada ki yi a wannan zaman: kada zafin kunya ya sa ki ce za ki biya kowa duk kuɗinsa kafin wata kaza. Mutane da yawa daga nan suke faɗawa rami na biyu, su ci bashi mai ruwa, ko su sayar da abin da suke dogaro da shi, ko su shiga wani kamfanin irin wannan da fatan mayar da gurbi. Ki faɗi abin da kika san za ki iya. La'adar da rarar dole ne. Bayan su, idan za ki riƙa tallafa wa Mama da wani abu duk wata daga albashinki, ku zauna da yayarki da mijinki ku tsara daidai ƙarfinki. Ƙawayenki kuwa, wata za ta fahimta, wata za ta daina gaishe ki. Ki ba su lokaci, kada ki ɓuya musu, ki ɗauki wayarsu ko da zagi za ki sha. Wanda ya ɓuya shi ake ɗauka yana da hannu.

Abokiyar aikin da ta kawo ki, kada ki je mata da faɗa. Mai yiwuwa tana zaune a inda kike zaune, da nata jerin 'yan'uwan. Ki tambaye ta wa ya kawo ta, wane asusu ta tura wa kuɗi, ko ta taɓa ganin wani daga masu kamfanin ido da ido. Idan ta ce ki yi shiru kada ki ɓata tsari, ko ta matsa miki ki biya kuɗin tantancewa, ki ja baya da ita, ki rubuta abin da ta faɗa.

Yau ɗin nan, kafin su rufe manhajar ko su goge zauren, ki ɗauki hoton komai: shafin asusunki, alkawuran da suka rubuta, sanarwar gyara da ta banki da ta tantancewa, lambobin wayar masu kula da zauren, sunaye da lambobin asusun da kuka tura wa kuɗi, adireshin jakar kirifto idan ta nan kuka biya. Ki karɓo bayanin shige da ficen asusunki daga banki. Ki tura buƙatar cire kuɗinki a manhajar ki ajiye shaidarta, amma ba tare da biyan komai ba. Idan kin taɓa ba su hoton katin shaidarki, ko lambar sirri, ko kika sauke wata manhaja da suka turo miki, ki canza lambobin sirrinki ki sanar da bankinki. Ki gaya wa bankin cewa asusun kaza na damfara ne, domin wani lokaci ana iya daskarar da shi da sauran kuɗi a ciki, kuma a nan sauri ne yake aiki. Sannan ki kai ƙorafi a rubuce ga hukumar da ke kula da harkar zuba jari a ƙasarku da kuma sashen 'yan sanda ko hukumar da ke yaƙi da zambar kuɗi. Ku je tare, ke da Mama da yayarki da ƙawayenki, kowa da takardunsa, don ƙorafin mutum shida ya fi na mutum ɗaya nauyi. Tunda kin karɓi la'ada, yana da kyau ki ga lauya kafin ki ba da bayani, kuma ki faɗi maganar la'adar da bakinki. Za a gan ta a takardun banki ko kin faɗa ko ba ki faɗa ba.

Wataƙila wani ya nuna miki takardar rajistar kamfanin ya ce ai gwamnati ta san da su. Rajistar suna daban, lasisin karɓar kuɗin jama'a a juya daban. Na farkon kusan kowa yana iya samu. Na biyun ana duba shi ne a wurin hukumar da ke bayarwa, ba a hoton da kamfanin ya liƙa a shafinsa ba. Ofis mai kyau da taro a babban otal da fitattun mutane masu talla duk da kuɗinku aka biya su. Ruja Ignatova, mai OneCoin, ta cika manyan ɗakunan taro tana tallar kuɗin kirifton da babu shi sai a allon kamfaninta, aka tara sama da dala biliyan 4 ta hanyar mutane masu kawo danginsu don la'ada. A Oktoban 2017 ta hau jirgi daga Sofiya ta Bulgariya zuwa Atina ta Girka, ba a sake ganin ta ba.

Ba zan yi miki alkawarin kuɗin zai dawo ba. A galibin irin wannan, abin da ake kwatowa kaɗan ne, kuma yana ɗaukar lokaci. Ki kai ƙorafin don ko kaɗan ɗin ya samu, kuma don a tare ƙofar kafin wasu su shiga, amma ki tsara rayuwarki kamar ba zai dawo ba. Ki kula da kanki kuma. Rashin barcin nan idan ya ci gaba, ko kika ji zuciyarki tana raya miki abin da bai dace ba, ki faɗa wa mijinki ko yayarki nan take, ki ga likita. Mama za ta iya jure rashin kuɗin nan, ba za ta iya jure rashin ki ba.

Saura gargaɗi guda. Bayan irin wannan rushewa, wasu za su neme ki, ta waya ko ta Facebook ko a sabon zauren da aka buɗe da sunan waɗanda aka cuta. Wani zai ce lauya ne, wani jami'in hukuma, wani ƙwararren kwamfuta da ke iya bin sawun kirifto. Za su san sunanki, har da adadin da kika zuba, domin sau da yawa su ne mutanen farko, ko waɗanda suka sayi jerin sunayenku daga hannunsu. Za su ce an gano kuɗinki, saura ki biya kuɗin fito ko na haraji ko na buɗe fayil. Ki faɗa wa Mama da yayarki tun yanzu, don su ma za a kira su. Duk wanda ya ce ki fara biya kafin ya karɓo miki, ki rubuta lambarsa ki haɗa da takardun da za ki kai wa hukuma.